Neman shawara: in je har Indiana sayen tirelar kwana ko in saya a nan Houston?

Baban Hanifa (Houston, Texas):

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka riga mu shiga harkar nan. Ni da maiɗakina mun yanke shawarar sayen tirelar kwana, irin ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, mai gadaje da kicin da banɗaki a ciki. Yara huɗu ne da mu, kuɗin otal ya fara fin ƙarfinmu duk lokacin hutun makaranta, ga wahalar neman abincin halal a hanya. Wadda muke so mai tsawon ƙafa 28 ce, mai gadajen yara hawa biyu a baya. Motata a-kori-kura ce, Ford F-150.

Dila na nan kusa da mu ya tsaya a kan dala 34,000, ya ce ba ragi. Na ga irinta sak a intanet wajen wani dila kusa da Elkhart, jihar Indiana, a kan dala 27,500. Tsakaninmu da can kusan mil 1,200 ne. Maiɗakina ta ce wahalar ba ta kai ba, ni kuma dala 6,500 ɗin nan ta hana ni barci. Akwai kuma wata ta hannu da na gani a Louisiana, shekararta uku, mai ita na neman 19,000. Har ina ya kamata mutum ya je don sayen wannan abu? Ba bashi zan ci ba, kuɗi hannu zan biya.

Alhaji Garba (Columbus, Ohio):

Wa alaikumus salam. Arahar da ka gani ba ta banza ba ce. Yankin Elkhart nan ne ake ƙera mafi yawan tirelolin Amurka. Forest River na cikin Elkhart, Jayco na Middlebury, Grand Design ma Middlebury, Keystone na Goshen, duk garuruwa ne maƙwabtan juna. Yawancin tirelolin da ka gani a filin dila a Texas, direbobi ne suka jawo su daga can da motocinsu, kuma da mil ake biyansu. Wannan kuɗin dakon yana cikin farashin da aka faɗa maka, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Sannan dilolin can suna sayar da yawa, riba kaɗan ta ishe su a kan kowace ɗaya. Kamar dai yadda mutanenmu ke zuwa Kwatano ɗauko mota a da: arahar gaskiya ce, amma dakon da kasadar hanyar sun dawo wuyanka.

Kafin ka taka ko'ina, ka ce su aiko maka a rubuce da jimillar abin da za ka biya ka fita da tirelar daga ƙofarsu. Farashin da ake liƙawa a intanet sau da yawa bai haɗa da kuɗin shirya ta ba, da kuɗin takardu, wani lokaci har batir da tukunyar gas sai an caje ka daban. In suka ce sai ka zo tukuna a yi magana, ka bar su.

Malam Nura (Dallas):

Yaya Baban Hanifa, mu yi lissafi. Zuwa ba kaya, a ce motarka na yin mil 20 da galan ɗaya, galan 60 ke nan. Dawowa da tirela a baya, in ka samu mil 10 a galan ka gode Allah, galan 120. In galan na dala 3, mai kaɗai ya ci 540. Ka ƙara kwanan otal a hanyar zuwa, abinci, kuɗin filin kwana a dawowa, za ka doshi dala 1,000 zuwa 1,200. Kwanaki kuma ka ware mako guda, don da tirela ba a gudun da aka saba, mil 400 a yini ma ya gajiyar da wanda bai saba ba. In hutun da za ka ɗauka a wurin aiki ba a biyansa, ka saka shi a lissafi.

Haraji kuwa ba ka tsira ba. Texas za ta karɓi kashi 6.25 cikin ɗari idan ka zo yin rajista a ofishin harajin gundumarku, kuma kwana 30 suke ba ka bayan ka shigo da ita. Ka tambayi dilan can ko zai karɓi wani haraji a wurinsa, ka riƙe rasit, don ana cire abin da ka biya wata jiha. Ka tambaye shi kuma lambar wucin gadi da za ka yi tafiya da ita, ka kira kamfanin inshorarka su saka tirelar tun kafin ka ja ta daga filin.

Ko da duk wannan, a lissafina kana da ragowar kusan dala 5,000. Ni dai da zan tafi.

Hajiya Maryam (Atlanta):

Malam Nura ya yi lissafin zuwa da dawowa, bai yi lissafin shekarar da ke biye ba, kuma a nan maganar take. Mu daga nesa muka sayo tamu, sabuwa fil. Ba a yi wata biyu ba ɓangaren ɗakin da ke zamewa waje don ƙara faɗi ya maƙale, famfon banɗaki na yoyo. Maigida ya kira dilan garinmu da ke sayar da irinta, tambayar farko da suka yi masa ita ce, "A wurinmu kuka saya?" Da ya ce a'a, suka ce waɗanda suka saya a hannunsu ne a gaba, mu jira. Haka muka ci rabin lokacin zafi tirela na ajiye, yara na tambaya kullum yaushe za a tafi.

Abin da mutane ba su sani ba, garantin tirela ba kamar na mota ba ne. Mota in ka saya a Ohio, kowane dilan kamfanin a Georgia zai karɓe ka. Dilan tirela kuwa ba ya ɗokin aikin garanti, don kuɗin da masana'anta ke biyansa bai kai abin da yake caji mai biya daga aljihu ba, sai ya jira amincewarsu, ya jira kayan gyara. To me zai sa ya fifita wanda ya kai kuɗinsa wani wuri? Kuma tirela sabuwa kusan dole ta fito da 'yan matsaloli, da hannu ake haɗa su cikin sauri, sannan kowace tafiya girgiza ce. Ni ina bayan Maman Hanifa.

Injiniya Bashir (Indianapolis):

Hajiya, gaskiya kika faɗa, sai dai akwai ƙarin bayani. Su kansu waɗanda suka saya a gida suna jiran makonni a lokacin zafi, don haka sayen gida ba ya nufin an gama da kai da wuri. Na biyu, yawancin kayan cikin tirela ba masana'antar da ta haɗa ta ce ta ƙera su ba. Firji, na'urar sanyaya ɗaki, tukunyar ruwan zafi, rumfa, duk na kamfanoni ne irin su Dometic da Lippert da Suburban, kowanne da garantinsa. Akwai makanikai masu zuwa har gida da motarsu, kuma masana'antu da dama na yarda su biya su aikin garanti in ka kira ka samu amincewa kafin a taɓa komai, sai dai kuɗin zuwan yakan zama naka. Baban Hanifa, ka kira masana'antar da kanka ka tambaye su wannan, ka nemi makanikai biyu a Houston da ke irin aikin. In ka same su, rabin tsoron Hajiya ya kau.

Tambayar da zan yi maka ita ce: hannunka na iya riƙe sukurdireba? In kai mai ɗaure famfo ne da canza fis da kanka, nisa ba zai dame ka ba. In komai sai an kira wani, dilan gida ya fi maka ko da tsada.

In ka zo, ga yadda za ka yi. Kada ka sa hannu sai an zagaya da kai an gwada komai a gabanka: a jona wuta, a cika tankin ruwa, a kunna famfo a duba ƙarƙashin kowane wurin wanke hannu, a kunna firji da wuta da gas, a fitar da ɗakin zamewa a mayar sau da yawa, ka hau tsani ka duba mannin rufi. Ka ɗauki bidiyo. Sannan ka kwana biyu a filin kwana kusa da dilan, ku yi girki, ku yi wanka, abin da zai lalace ya lalace tun kana kusa da su. Mutane da yawa suna karɓa da yamma su kama hanya, sai a Arkansas su gano hita ba ta aiki.

Kuma kada ka zo tsakanin Disamba da Maris. An zuba maganin daskarewa a bututun, ba za a gwada maka ruwa yadda ya kamata ba, ga gishirin da ake watsawa a titi yana cin ƙarfen ƙasa, ga ƙanƙara ga wanda bai taɓa jan tirela ba. In ka biyo ta nan kuwa ka tsaya ka ci tuwo.

Malam Nura (Dallas):

Na manta abu ɗaya, kuma ya shafe mu 'yan Texas. Ka tabbata "irinta sak" ɗin sak ce. Dilolin arewa sukan yi odar tirela da na'urar sanyaya ɗaki guda ɗaya mai ƙarfin BTU 13,500 (ma'aunin ƙarfin sanyaya ɗaki ke nan), da wayar wuta ta amfiya 30. Na kudu sukan saka mai 15,000 ko guda biyu da wayar amfiya 50. Tirela mai ƙafa 28 da na'ura ɗaya a watan Agusta a Galveston, yara ba za su yi barci ba. Ka karɓi takardar kayan da ke cikin kowacce ka jera su. Wataƙila wani ɓangare na bambancin kuɗin a nan yake.

Ustaz Kabiru (Minneapolis):

Tunda ka ce kuɗi hannu za ka biya, Allah ya ƙara tsare mu daga riba, ka faɗa musu tun a waya. Wasu dilolin farashin arahar da suke tallatawa na wanda zai ci bashi ta hannunsu ne, don banki na ba su kamasho. Sai ka yi tafiyar kwana biyu, ka zauna a ofis, a ce ai mai biya hannu farashinsa daban. A rubuta maka cewa farashin bai rataya a kan bashi ba. Kuɗin kafin alƙalami kuma ka biya da kati, a rubuta cewa za a mayar maka in ka duba ba ta yi maka ba.

Baba Ɗanlami (Houston):

Ɗana, kowa ya tafi Indiana an bar ta Louisiana, ni kuma ita ce ta fi ba ni tsoro. Sabuwa duk inda take iri ɗaya ce, ta hannu kuwa kowacce da tarihinta, hoto ba ya nuna wari. Ruwa ne ke kashe tirela. Ka taka ko'ina a ƙasa ka ji ko akwai laushi, ka danna bango kusa da tagogi, ka duba jikin waje ko ya kumbura. Yankinmu na ambaliya ne, kai shaida ne kan abin da guguwar Harvey ta yi a 2017, kuma Louisiana ba ta rabuwa da nata. Ka duba takardar mallaka da kyau, sunan mai sayarwa ne a kai, babu bashin banki a kanta, ba a rubuta cewa ta taɓa lalacewa ba. Tayoyi kuma akwai lamba huɗu a gefensu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi su. Tayar tirela tsufa ke kashe ta tun zanenta bai cinye ba.

Ni ƙa'idata kan ta hannu: inda zan je in dawo a yini ɗaya, don in iya juyowa hannu rabbana ba tare da jin ciwo ba. Wanda ya yi tafiya mai nisa yakan saya ne don kada wahalarsa ta tashi a banza, kuma mai sayarwa ya san haka, ba zai rage maka ko sisi ba. In ta fi haka nisa, ka biya mai duba mai zaman kansa ya je kafin kai. Ƙungiyar masu duba irin waɗannan tireloli, NRVIA, na da jerin waɗanda ta tantance, kuɗin dubawar 'yan ɗaruruwan daloli ne.

Sannan ka buɗe ƙofar direba ta motarka, akwai takarda mai rawaya da ta faɗi nauyin da za ta iya ɗauka. Kashi 10 zuwa 15 na nauyin tirela a kan ƙugiyar mota yake sauka. Tirela mai laba 7,500 za ta ɗora maka kusan laba 1,000, ka ƙara ku shida da kayanku. F-150 da yawa a nan suke cika. Dila zai ce maka motarka za ta ja, ba shi zai riƙe sitiyari ba in babbar mota ta wuce ka iska ta kaɗa ku.

Baban Hanifa (Houston, Texas):

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na duba takardar ƙofa, laba 1,740 aka rubuta. Da mu da ƙugiya da kaya mun kusa cikawa, don haka mun fara duba mai ƙafa 24 ta kamfanin ɗaya. Na rubuta wa dilan Indiana kamar yadda Alhaji da Ustaz suka ce, jimilla ta koma 29,300, kuma na'urar sanyaya ɗaki ɗaya ce a ciki, Malam Nura ya canka. Ta Louisiana na tambayi mai ita ko zan turo mai duba, tun jiya bai amsa ba.

Alhaji Garba (Columbus, Ohio):

To yanzu kana da makami. Ka nemi irin wannan takardar a kan mai ƙafa 24 ɗin, ka tura wa dilolin San Antonio da Dallas da Oklahoma City, duk tafiyar yini ce daga wurinka, sannan ka kai wa na gida a ƙarshen wata. In ya sauko har bambancin ya rage dala 2,000 ko ƙasa da haka, ka saya a hannunsa ka huta. In ya wuce 4,000 kuma ka samu makanikin da Injiniya ya faɗa, ka hau hanya a watan Afrilu. Akwai kuma bajekolin tireloli da ake yi a Houston cikin Fabrairu, ka je da takardun a hannu, diloli da yawa na wuri ɗaya.

Injiniya Bashir (Indianapolis):

Duk inda ka saya, ka tabbata an saka maka na'urar birkin tirela a mota da ƙugiya mai raba nauyi kafin ranar ɗauka, ka tafi da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, ka sake ɗaure notocin taya bayan mil 50 na farko. Kuma ka tambayi hukumar unguwarku ko an yarda a ajiye tirela a ƙofar gida. Unguwanni da yawa a Houston ba su yarda ba, sai ka kama hayar fili duk wata.