An cire wa Baba ƙari a ƙwaƙwalwa, hoto ya fito fes, me ya sa likita ya dage sai an yi gashi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau sati uku da aka yi wa mahaifinmu tiyata, aka cire masa ƙarin da likitoci suka kira glioblastoma, wani nau'in ciwon daji na ƙwaƙwalwa. Kafin aikin hannunsa na dama ya saki, ko cokali ba ya iya riƙewa, yanzu kuwa da kansa yake saka maɓallin riga. Likita ya nuna mana hoton MRI, ya ce duk abin da ake gani an kwashe, amma a fara gashi, wato haska wurin da na'ura don kashe ƙwayoyin ciwon, na sati 6 tare da maganin sha. Yayanmu ya ce tunda abu ya fita, kada a ƙara wahalar da tsoho. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya. Don Allah wanda ya sani ya fahimtar da ni.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ki riƙe kalmar likitan da kyau: abin da ake gani. Wannan ƙarin ba shi da ɓawo ko iyaka da za a ɗauke shi ɗungurungum. Tun kafin a gano shi, ƙwayoyinsa sun riga sun ɓalle ɗai-ɗai sun kutsa cikin lafiyayyen naman ƙwaƙwalwa, kuma hoto ba ya kama su. Shi ya sa idan ya dawo, galibi a gefen ramin da aka yi aiki yake tsirowa, cikin santimita 2 ko makamancin haka. Wurin nan ne ake gasawa.

Wani ɗalibin likitanci:
Bari in ɗora a kan bayanin Anti. Ƙwayoyin nan hanya suke bi. Suna rarrafawa ta bayan jijiyoyin jini, suna kuma bin fararen zaruruwan da ke kai saƙo daga wani sashe zuwa wani, har ta gadar da ta haɗa ɓarin dama da na hagu. Wani likita mai bincike, Hans Scherer, ya bayyana haka tun 1938. Inda hanya ta toshe, sai su fitar da sinadaran da ke narkar da abin da ya riƙe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa wuri ɗaya. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, ƙwayar takan zubar da gishiri da ruwan jikinta ta tsuke, ta ratsa ƙaramar kafa. Suna kuma zubar da sinadarin glutamate mai yawa, ya kashe ƙwayoyin jijiya na kusa, kuma yana cikin abin da ke jawo farfaɗiya. A 1928 wani likitan tiyata na Amurka, Walter Dandy, ya ba da rahoton cire ɓarin ƙwaƙwalwa sukutum, duk da haka ciwon bai bar marasa lafiyar ba.

Wata da ta yi jinyar mijinta:
Ƙanwata, ba zan ɓoye miki ba, gashin ba ya tumɓuke ciwon, lokaci yake ƙarawa. Binciken da aka wallafa a 2005 ya nuna matsakaicin rayuwa wata 14.6 idan an haɗa gashi da maganin sha mai suna temozolomide, wata 12.1 da gashi kaɗai. Maigidana ya sha fama da kasala, sumar kansa ta zube daidai inda ake haskawa, amma a watannin nan ya zauna da yaransa yana gane kowa. Ki tafi da Yayanku wurin likita ya ji da kunnensa. Ku tambayi sakamakon gwajin MGMT, wanda ake yi wa ƙarin don a hasaso ko maganin shan zai yi aiki sosai, ku tambaya ko gajeren gashi na sati 3 da ake yi wa dattawa zai fi dacewa da shi. Shi ma Baba a tambaye shi, jikinsa ne.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To ciwon zai iya sauka huhu ko hanta?

Ma'aikaciyar jinyar:
Da wuya ƙwarai ya fita daga ƙwaƙwalwa. Ku dai kada ku ja lokaci, ana so a fara gashin cikin kusan sati 6 bayan tiyata, kun riga kun cinye 3.