"Zuma ga zaƙi ga harbi": ta dace da malamin kirki?

Mai Alli: Assalamu alaikum. In tsofaffin ɗalibai suka tashi tuna malaminsu na sakandare, sai ka ji "ai zuma ne, ga zaƙi ga harbi". Anya karin maganar nan ta dace? Ƙudan zuma kansa yake karewa da harbin, ba wanda ya harba yake taimako ba.

Malamar Lissafi: Wa alaikumus salam. Malam, ka ja ta da nisa. Nufin Bahaushe abu mai amfani da ba a samu sai an sha wuya. Harbin malami jan bironsa ne. Ya mayar da aiki cikin kwana 2 ko 3 tun yaro bai manta yadda ya yi tunani ba, ya ja layi daidai inda lissafin ya karkace, ya rubuta gyara ɗaya tak, ba goma ba, sannan ya ware minti 10 a darasi na gaba a sake aikin. In babu sakewar nan, harbin kawai ya rage. Binciken masaniyar ilimi Ruth Butler na 1988 ya nuna yaran da aka ba sharhi zalla sun fi ci gaba a kan waɗanda aka haɗa musu sharhi da maki. Ido na sauka kan makin, shi ke nan an rufe littafi.

Tsohon Shugaban Makaranta: Malama, bayaninki ya yi, amma ba haka ake amfani da ita ba. Da ita ake wanke mai bulala da mai yi wa yaro dariya a gaban aji. Ɗan shekara 15 da aka kunyata ba ya sake ɗaga hannu, malami kuma ya rasa hanyar gano abin da bai fahimta ba. Ni na fi son "gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba".

Malamar Lissafi: Ranka ya daɗe, waccan ai bakin mai ba da shawara ce, yana kare kansa. Ba ta siffanta mutum, balle a yabe shi da ita.

Ɗan Baya: Kun tsaya kan harbi, ina zaƙin? Zaƙin shi ne haƙurin jiran amsa. Masaniyar ilimi Mary Budd Rowe ta auna a farkon shekarun 1970: malami kan jira amsa kamar daƙiƙa 1 kafin ya wuce. Da aka kai jiran daƙiƙa 3, amsoshi suka ƙara tsawo, masu shiru suka fara magana. Sai dai a yi tambayar kafin a kira suna. In suna ya riga, sauran ajin sun daina tunani.

Mai Alli: To, wanda bai taɓa ɗaga murya ba, amma ba ya karɓar aikin ganin dama fa? Yana da harbi?

Tsohon Shugaban Makaranta: Yana da shi. Wanda aka mayar wa aiki sau 3 zai gaya maka.