Cin abinci a Kofanhegan ba tare da giya ba: me zan rubuta musu?

Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan ina aiki a Kofanhegan, babban birnin ƙasar Danmak. Ranar Juma'a abokan aiki za su kai ni wani gidan abinci inda ake jero abinci kala bakwai, kowanne da ruwan inabin da aka zaɓa masa. Ni kuwa ba na shan giya.

Sau biyu na gwada irin wannan wuri, duka na fito raina a ɓace. Karon farko na ce kada a kawo mini giya, sai suka sauya mini da ruwan tuffa da kombucha, wani abin sha da ake yi da shayi. Daga baya na gane kombucha tsimi ne, yakan ɗauki ɗan barasa. Miyar kifin ma da farin ruwan inabi aka dafa ta, kuma sai da na tambaya suka faɗa. Karo na biyu na ce "alkoholfri", wato marar barasa, ashe a Danmak ana kiran abin sha haka ko da yana da barasa har kashi 0.5 cikin ɗari. Smørrebrød kuma, wato yankan burodi da ake ɗora wa kayan haɗi a sama, an shafa masa leverpostej, hantar alade ce, dole na bar shi.

Don Allah, wace jimla zan rubuta wa masu gidan abincin da harshen Danmak tun wajen kama teburi, wadda za ta hana barasa da alade a kofi da cikin girki gaba ɗaya?