Dodona na yumɓu dariya yake ba yara, ya zan yi ya ba da tsoro?

Mai tambaya, Bolari, Gombe:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa ɗan gajeren fim na tatsuniyar Dodo da wayata, irin wanda ake gusa mutum-mutumin yumɓu kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya. Da manhajar Stop Motion Studio nake yi. Na yi masa haƙora zaƙo-zaƙo da jajayen idanu, amma da na nuna wa ƙannena sai suka kwashe da dariya. So nake gaban mai kallo ya faɗi. Don Allah ina gyaran yake?

Mai ɗaukar hoto, Pantami:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ina zaton a tsakar gida kike ɗauka da rana. Rana tana haska ko'ina, tsoro kuwa a inuwa yake zama. Shiga ɗaki, toshe taga da bargo, ki kunna fitilar caji guda ɗaya tak. Ajiye ta ƙasa da haɓarsa tana haskowa sama. Ido ya saba ganin fuska da haske daga sama, da ya juye sai kwarmin ido da hanci su jefa inuwar da ba a saba gani ba. Wayar ma ki sauke ta kusa da ƙasa, sai ya yi miki tsiri a kai. Masu fim a Jamus a shekarun 1920 har fentin inuwa suke yi a bango saboda wannan. Kuma ki kulle hasken kyamarar, wato ki hana ta sauya yawan hasken da take ɗauka da kanta, in ba haka ba hotunan za su riƙa ƙyaftawa.

Ɗalibin zane, Tudun Wada:
Yaya ya faɗi gaskiya, sai dai ni ina ganin sauri ne ya kashe ki. Hoto nawa kike sa wa a daƙiƙa? Silima 24 ce, masu yumɓu da yawa 12 suke yi, wato hoto 720 a minti ɗaya. In kina gusa shi da yawa tsakanin hoto da hoto, tsalle-tsalle zai riƙa yi, shi ne abin dariyar. Bar shi tsaye cak na daƙiƙa uku, sannan kansa kaɗai ya juyo a hankali, jiki bai motsa ba, ido bai ƙyafta ba.

Malamar firamare, Jekadafari:
'Yata, kada ki nuna shi gaba ɗaya tun farko. Masu ba mu tatsuniya ba sa tsayawa siffanta Dodo, muryarsa suke kwaikwaya, mu mu ƙarasa sauran a zuci. Fara da inuwarsa a katanga, sai yatsu a bakin ƙofa. Ki cire kiɗa, ki bar kukan gyare da jan ƙafa, gab da bayyanarsa ki ɗauke sautin duka. Amma don Allah ƙananan yara kada su kalla da dare.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hoto 5 nake sa wa a daƙiƙa, kuma a tsakar gidan ne. Yaya na Pantami, fitila fara ta fi ko mai ruwan ɗorawa?