Sau nawa kuke aski da reza ɗaya kafin ku jefar?

Ɗan Bolari: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni nake aske kaina duk daren Juma'a da reza mai sanda. Askin farko da na biyu lafiya lau, daga na uku sai ta fara fizgar gashi, dole in danna, in yi ta maimaita wuri ɗaya. Gari na wayewa ƙeya ta ɗau raɗaɗi, ƙuraje su feso, hula ma ba ta zama. Saura kwana 12 ɗaurin aurena. In sayi fakitin mai sanda in riƙa jefarwa bayan aski biyu, ko in koma mai baki biyu, sabuwa kowane aski? Ban da kilifa, ba ta kwashe min gashi tas.

Abban Sadik: Sayi kilifa mai caji ka huta.

Ɗan Bolari: Yaya, ai na ce ban da ita.

Malam Tumfure: Kaifin reza siriri ne ƙwarai, kowane aski yana ɗan gutsure shi ko da ido bai gani ba. Da ta dakushe sai ta koma ja maimakon yanka, kai kuma ka danna, ka kankare fata. Ga gashinmu mai murɗewa, tsininsa kan koma cikin fata, ƙurajen ke nan. Jiƙa kan da ruwan ɗumi da sabulu tukuna, ka bi kwanciyar gashi. In ka gama ka ɗauraye ta, ka shanya, kar ka bar ta cikin danshin bayi.

Baban Ummi: Ku bar zancen ruwan ɗumi. Shekara uku ke nan wani mai aski ya zaro rabin reza daga aljihu, ya ce sabuwa ce, ya gyara min ƙeya. Tun a kujera na ji tana kartata, kunya ta hana ni magana. Kwana huɗu wurin ya kumbura ya tara ruwa. Wata biyu ina zaryar asibiti, ina kwana rubda ciki. Har gobe akwai tudu a wurin, ko kwalar riga ta goga sai na ji. Da na koma masa cewa ya yi jinina ne ba kyau. Allah ya isa.

Maman Ihsan: Subhanallahi. Da ma ana ɗaukar ciwon hanta ta rezar da aka yi wa wani aski da ita. Ni a jaka nake kai wa yarana tasu.

Abban Sadik: A kan abin naira 50!

Na Pantami: Hamsin a ina? Jiya 100 na saya a shagon unguwarmu.

Abban Sadik: Tsohuwar Kasuwa, in ka ɗauki fakiti.

Na Pantami: To jabu ce. Ko farce ba ta yankewa.

Jikan Wanzamai: Duk wanda bai taɓa riƙe aska ba ya yi shiru. Kakana wasa askarsa yake kafin kowane kai, ba a taɓa kawo masa ƙarar ƙuraje ba. Malam Tumfure, likita ne kai?

Malam Tumfure: A'a Baba, amma shekara 20 ina aske kaina.

Autan Hajiya: Ango, kafa zanna bukar ɗinka kawai, amarya ba ƙeya za ta leƙa ba 😂

Baban Ummi: Kai yaro ne, ba ka san ciwon ƙeya ba. Ni fa har aiki na daina zuwa. Kuma sifirit ɗin da suke fesawa rabinsa ruwa ne.

Na Pantami: Ga kuɗin aski kullum sama. An kawo wuta 700, ba wuta 1,000, wai kuɗin man janareta.

Abban Sadik: Namu 500 ne har yanzu.

Ɗan Bolari: Jama'a, mai sanda ko mai baki biyu? Gobe zan shiga kasuwa.

Na Pantami: Mu a layinmu ma yau kwana tara ba mu ga wuta ba, amma an kawo takardar biya.