Me ya sa Sao Tome ke da kashi 40 a man da ke tsakaninta da Najeriya?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum. Masana, ku fitar da ni daga duhu. An ce akwai wani yanki a teku da Najeriya ke raba arzikinsa da Sao Tome da Principe, mu kashi 60, su kashi 40. Ƙasar da mutanenta ba su wuce dubu ɗari biyu da 'yan kai ba, ta yaya ta samu wannan kaso? Kuma ina man yake?

Mai Taswira:
Wa alaikumus salam. Malam, ba yawan jama'a ake ƙirgawa ba, gaɓar teku ake aunawa. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba kowace ƙasa ikon arzikin da ke cikin mil 200 daga gaɓarta, kuma tsibirin da mutane ke rayuwa a kansa yana da wannan haƙƙin. Tsakanin tsibirin Principe da Neja Delta bai kai mil 400 ba, shi ya sa da'awar ƙasashen ta hau kan juna. Sao Tome ta ce a ja layi a tsakiya daidai, Najeriya ta ce sai an duba tsawon gaɓarta. Da magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai aka jingine batun iyaka. Ranar 21 ga Fabrairun 2001, zamanin Obasanjo da shugaban Sao Tome na lokacin Miguel Trovoada, ƙasashen biyu suka sa hannu a Abuja kan yarjejeniyar shekara 45 ta haƙo arzikin tare. A lura, takardar ba ta yanke iyaka ba, kowa na nan da da'awarsa. Hukumar da ke kula da yankin tana Abuja, majalisar ministocin ƙasashen biyu ce ke sa mata ido, kuma yadda ake raba riba 60 da 40, haka ake raba ɗawainiya.

Injiniya Baba:
Batun ina man yake, nan gizo ke saƙar. An yanka yankin fuloti-fuloti aka yi gwanjo. Fuloti na ɗaya ya faɗa hannun Chevron da kashi 51, ExxonMobil 40, sai wani kamfanin haɗin gwiwar Dangote da 'yan Norway da kashi 9. Kafin alƙalami kawai dala miliyan 123 suka biya, rabon Sao Tome ya tashi kusan miliyan 49.

A 2006 Chevron ta haƙa rijiyar Obo-1. An taɓo mai da iskar gas, amma bai kai na kasuwa ba. Dalili shi ne zurfi: ruwan wajen ya haura mita 1,500 kafin ma a taɓa ƙasa, sai an yi hayar jirgin haƙa na musamman, kuma sai an kafa jirgin da zai raba man da ruwa da gas ya adana shi a tsakiyar teku. Ɗan ƙaramin tafkin mai ba ya mayar da wannan kuɗin. Kamfanonin Sinopec da Addax sun gwada a wasu fulotan a 2009, abin bai yi armashi ba. Total ta sayi kason Chevron, ta yi haƙa, ita ma ta tattara nata ya nata. Ga hukuma kuma da ma'aikata da kasafin kuɗi duk shekara, alhali ba a sayar da ganga ko ɗaya ba. Wannan nauyi ya fi danne ƙaramar ƙasar.

Hajiya Lauya:
Ƙari a kan bayanin Injiniya: alaƙar ta wuce mai. A Yulin 2003 sojoji suka yi wa shugaban Sao Tome na lokacin, Fradique de Menezes, juyin mulki yana Abuja wajen taro. Najeriya da wasu ƙasashe suka shiga tsakani, cikin kusan mako guda aka sasanta, Obasanjo da kansa ya raka shi gida. A 2004 su biyun suka sa hannu kan Sanarwar Abuja, wadda ta ce duk kuɗin da kamfani ya biya hukumar a bayyana shi ga jama'a. Duk da haka gwanjon zagaye na biyu ya bar baya da ƙura, har ofishin babban lauyan gwamnatin Sao Tome ya fitar da rahoto a 2005 yana cewa ba a bi ƙa'ida ba wajen zaɓen wasu kamfanoni.

Ɗan Birni:
Na gode ƙwarai. Wato idan wa'adin ya cika ba a sabunta ba, sai a koma teburin shata iyaka?

Mai Taswira:
Haka ne, daga inda aka tsaya a 2001.