A taimaka: me za mu kira primary da logical a rabon faifan kwamfuta?

Mai Darasi: Assalamu alaikum jama'a. Gobe da safe zan shiga aji, darasin raba faifan ajiya na kwamfuta, kuma da Hausa zan koyar. Partition na kira shi sashe, wannan ba rigima. Primary da logical ne suka hana ni barci. Na rubuta firamare, sai na ga ɗalibai za su ɗauka makaranta nake nufi.

Mai Gyara: Wa alaikumus salam Malama. Babban sashe da ƙaramin sashe, shi ke nan.

Injiniya: A'a ɗan'uwa, ba maganar girma ba ce. Kana iya yanka primary giga 50, logical ka ba shi 400. Bambancin yana wurin da aka rubuta kowanne. A tsohon tsarin raba faifai na MBR, wanda ya zo da manhajar sarrafa kwamfuta ta DOS 2.0 a 1983, teburin sassa yana can farkon faifai, bayit 64 kacal, kowane sashe ya ci 16. Gurbi huɗu ke nan. Wanda ya samu gurbi a teburin shi ne primary. Da huɗu suka yi kaɗan, sai aka ware gurbi ɗaya ga extended, wanda shi kansa ba a zuba masa fayil. A cikinsa ake yanka logical, kowanne da ɗan bayaninsa mai nuna inda na gaba yake, kamar sarƙa. Ni dai sashen tushe da sashen ciki.

Dattijo: Ku yaran zamani kuna wahalar da kanku. Extended ita ce uwa, logical kuma goyo. Sashen goyo. Wa zai ji bai gane ba?

Mai Darasi: Baba, ta yi daɗi a kunne. Amma goyo nawa uwa take ɗauka a lokaci guda? Wannan fa tana iya ɗaukar goma.

Ustaz: Logic dai manɗiƙi ne, malamanmu sun daɗe da kalmar. Sashen manɗiƙi.

Injiniya: Allah gafarta Malam, babu wata hujja ko tunani a cikin sashen nan. Su ma Turawan aron kalmar suka yi.

Dattijo: To aron Larabci ya halatta, tawa da ta fito daga bakin Bahaushe ita ce abin dariya? Kuma tun farko wa ya ce kwamfuta? Na'ura mai ƙwaƙwalwa muka sani.

Mai Gyara: Ranka ya daɗe, shekara da shekaru ina wannan sana'a, ba wanda ya taɓa kawo mini na'ura mai ƙwaƙwalwa gyara. Fatishan muke cewa, aiki yana tafiya.

Dattijo: Da haka harshe yake mutuwa. Kowa ya iya Turanci biyu sai ya raina na gida.

Ustaz: Baba, ita na'urar ma daga Larabci take.

Dattijo: Ta daɗe, ta zama 'yar gida.

Mai Darasi: Don Allah a dawo kan magana, dare yana yi.

Injiniya: Malama, ki gwada kowace kalma a jimlar da za ki faɗa gobe. Windows a tsarin MBR daga sashen tushe yake tashi, wanda aka yi wa alamar tayarwa, Linux kuwa, takwaran Windows, yana iya zama a sashen ciki. A Linux, wajen ba sassa lamba, 1 zuwa 4 na tushe ne, na ciki daga 5 suke farawa ko da tushen ɗaya ne tak. Sa goyo a wurin ki ji. Ki kuma faɗa musu GPT, tsarin raba faifai da ya gaji MBR, ya kawar da rabon nan gaba ɗaya, Windows yana ba da sassa 128 a kansa.

Mai Darasi: Na ɗauki sashen tushe da sashen ciki. Extended kuwa uwar sassa zan ce, Baba ya ci wannan. Fatishan zan ambata sau ɗaya saboda masu zuwa wurin gyara.

Dattijo: An ɗauki uwa an yar da ɗa. Ni dai goyo zan ci gaba da cewa.

Ustaz: Uwar sassan ma ai gurbi take ci a teburin. Ashe ita ma ta tushe ce?

Mai Darasi: Malam, wannan sai bayan na fito daga aji.